Korona Zagaye na Biyu: Yadda Aka Yi Zaman Hunturun 2020 Zuwa 2021 a Najeriya

Zagaye na biyu na annobar korona ya shigo Najeriya a farkon Disamba 2020, ya yi ƙamari a Janairu 2021, sannan ya ja da baya daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris. A ƙarshen Nuwamba, jimillar waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu tun 27 ga Fabrairu 2020, ranar da aka gano mutum na farko a Legas, ba ta wuce 67,000 da 'yan kai ba. Kafin Fabrairu ya ƙare adadin ya haura 155,000. A zagayen farko, alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ke fitarwa kowane dare ba su taɓa kai mutum 800 a rana ɗaya ba. A Janairu kuwa dubu da ɗoriya ya zama ruwan dare, har akwai ranar da aka ƙirga sama da 2,300. Duk da haka, wanda ya zaga Kantin Kwari a Kano ko tashar Kawo a Kaduna a wannan watan, da wuya ya ga alamar ƙasar tana cikin mafi tsananin lokacin da ta gani tun shigowar cutar. Korona ta ƙaru a asibiti da takardun hukuma a daidai lokacin da tsoronta ya fita daga zukatan jama'a, kuma a kan wannan saɓani aka yi zaman waɗannan watanni.

Annoba irin wannan ba ta tafiya a miƙe. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa ne gwargwadon yawan mutanen da jikinsu bai san ta ba, da kuma yawan cuɗanyar da ke tsakaninsu. Idan aka rufe makarantu, aka tsayar da tafiye-tafiye, mutane suka ɗan ja jiki, masu ɗauke da cutar ba sa samun isassun waɗanda za su shafa wa, sai adadi ya riƙa sauka. Amma ƙwayar tana nan tana zagayawa a hankali, kamar garwashin da toka ta rufe, kuma da zarar cuɗanya ta dawo sai lissafin ya juye. A Najeriya cuɗanyar ta dawo daki-daki. An ɗage haramcin tafiya tsakanin jihohi a farkon Yuli 2020, jiragen ƙasashen waje suka dawo a 5 ga Satumba, makarantu suka buɗe a Oktoba a yawancin jihohi. Da Disamba ya kama, ya zo da abin da ya saba zuwa da shi: bukukuwan aure, hutun ƙarshen shekara, masu komawa garuruwansu don Kirsimeti, da mazauna Ingila da Amurka da suka zo ganin gida lokacin da cutar ke kan ganiyarta a can. Sababbin nau'o'in ƙwayar ma sun bayyana. Wanda aka fara ganowa a Ingila, aka sa masa suna Alfa daga baya, ya fi na asali saurin yaɗuwa, kuma an tabbatar da shigowarsa Najeriya a Janairu.

Lokacin da zagayen ya faɗo ya ƙara rikita al'amarin. Disamba da Janairu watannin hunturu ne. Hazo yana rufe gari, ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, kusan kowane gida akwai mai mura ko tari. Ana rufe tagogi da daddare, mutane da yawa su kwana a ɗaki ɗaya saboda sanyi, kuma irin wannan yanayi ne ya fi dacewa da ƙwayar da ke bin numfashi. Alamomin korona na farko, zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da kasala, su ne dai alamomin zazzaɓin cizon sauro da kowa ya sani tun yana yaro. Don haka magidancin da ya tashi da zazzaɓi kemis ɗin unguwa yake nufa, a haɗa masa maganin maleriya da farasitamol, idan bai ji sauƙi ba a ce taifot ne a ƙara masa wani. A gida kuma a dafa citta da kanumfari da lemon tsami, a sha zuma da habbatus sauda, a yi sirace da ganyen darbejiya. Alamar da ta fi raba korona da sauran ita ce ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano, kuma a wannan hunturun an yi ta jin masu cewa hancinsu ya daina jin komai, abinci ya zama lami a bakinsu. Da yawa sun gane abin da hakan ke nufi amma suka ja bakinsu suka yi shiru, domin tsoron a zo da motar asibiti a ɗauki mutum a gaban maƙwabta ya fi ƙarfin tsoron cutar. Galibinsu sun warke cikin mako ɗaya ko biyu, wannan kuma ya ƙara tabbatar musu cewa abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Kwamitin shugaban ƙasa kan yaƙi da cutar, wanda Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha ke jagoranta, ya sanar a tsakiyar Disamba cewa an shiga zagaye na biyu. A 21 ga watan aka fitar da matakai na mako biyar aka miƙa wa jihohi su aiwatar. An ce a rufe mashaya da gidajen rawa da ɗakunan biki, taro kada ya wuce mutum 50, masallatai da coci-coci kada su ɗauki fiye da rabin abin da suke iya ɗauka, ma'aikatan gwamnati daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, makarantu kuma su kasance a rufe har 18 ga Janairu. Kulle ne dai ba a sake yi ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kullen farko, wanda ya fara a Legas da Abuja a 30 ga Maris 2020, ya kuma iso Kano a tsakiyar Afrilu, ya faɗo kan al'ummar da mafi yawanta hannu baka hannu ƙwarya take yi. Ɗan dako, mai shayi, mai wankin hula, mai ƙosai a bakin layi, duk sai sun fita suke samun na cefane. A Kano kullen ya haɗu da azumi, ya kuma haɗu da makonnin nan da masu haƙar kabari suka riƙa faɗin cewa gawarwaki sun fi yadda suka saba gani. Binciken gwamnatin tarayya ya ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomin cikin birni, kuma Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna iya kasancewa da alaƙa da korona. Abin da talaka ya riƙe daga waɗannan makonni shi ne yunwar kulle ya ji ta a cikinsa, kariyar da aka ce kullen ya bayar kuma bai gan ta da idonsa ba.

Sai kuma abin da ya faru a ƙarshen Oktoba, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan abinci da katan-katan na taliya na tallafin korona a jibge ba a raba ba. Gwamnatocin jihohi sun ba da bayani, wasu suka ce ana jiran cikon kaya ne, wasu suka ce an yi tanadi ne saboda gaba, amma hotunan sun riga sun yi aikinsu. Daga nan duk jami'in da ya fito a rediyo ya ce cutar ta dawo, masu sauraro da yawa abin da suke ji shi ne an sake buɗe ƙofar cin kuɗi. Wannan rashin yarda ya yi ɓarna ta gaske, domin ya sa an yi watsi har da shawarwarin da ba sa cin ko kwabo, irin su buɗe taga da raba tsoho da ɗakin mai tari.

Aljihu ma bai bar wa kowa sararin tunanin cuta ba. Tattalin arzikin ƙasar ya karye a 2020, hauhawar farashi ta kai kashi 15.75 cikin ɗari a Disamba, ta abinci kuma ta haura 19, kafin Maris 2021 ta kusa 23. Hukumar ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen shekarar. Ba korona kaɗai ta jawo hakan ba. Ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi da Jigawa, 'yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Kaduna, iyakokin ƙasa kuma a rufe suke tun Agusta 2019, sai a 16 ga Disamba aka buɗe guda huɗu, ciki har da Illela da Maigatari. Litar fetur ta haura naira 160, kuɗin wuta ya ƙaru, albasa ta yi tsadar da har uwargida ta koma raba ƙwaya ɗaya miya biyu. A irin wannan hali takunkumi da man tsabtace hannu suna bayan mudun gero a lissafin maigida, kuma babu mai hankalin da zai ce ya yi kuskure.

Babu abin da ya fito da saɓanin da ke cikin matakan hukuma kamar batun lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. A makon da ake shelar dawowar cutar, ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Minista Isa Ali Pantami ta ba da umarnin cewa duk layin wayar da ba a haɗa da lambar NIN ba za a toshe shi cikin mako biyu. Miliyoyin mutane ba su da lambar. Layin waya kuwa shi ne asusun banki, shi ne hanyar ciniki, da shi ɗan ci-rani yake aika wa iyalinsa kuɗi. Sai jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin hukumar NIMC mai ba da lambar. Tun kafin kiran assalatu ake isa, a rubuta suna a takarda, a tsaya cikin sanyi ƙirji da baya, tsofaffi da masu goyo da ɗalibai, ana turereniya a bakin ƙofa duk lokacin da aka leƙo za a kira suna. Wanda ya samu shiga zai ɗora yatsunsa a kan gilashin na'urar da mutane da yawa suka taɓa kafin shi, ya sauke takunkumi a ɗauki hotonsa. Ma'aikatan hukumar da kansu sun tafi yajin aiki a farkon Janairu, kuma cikin ƙorafinsu har da rashin kayan kariya. An yi ta ƙara wa'adin daga baya, sau da dama, abin da ya nuna tun farko babu gaggawar da ta kai a tara mutane haka a tsakiyar annoba. Wanda aka hana shi taron suna na mutum 60 aka kuma tilasta masa shiga layin ɗaruruwa ba zai ɗauki dokar farko da muhimmanci ba. Siyasa ita ma ba ta tsaya ba. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano a 16 ga Janairu, a Jamhuriyar Nijar kuma, inda cutar ta sake tashi a lokaci guda, an yi kamfe da zaɓen shugaban ƙasa a 27 ga Disamba da zagayensa na biyu a 21 ga Fabrairu.

A rayuwar yau da kullum dokokin sun koma abin da ake bi a bakin ƙofa. Banki, filin jirgin sama, manyan kantuna da wasu ofisoshi ba sa barin kowa ya shiga sai da takunkumi. Mai gadi zai saita wa mutum na'urar auna zafi a goshi, ya matsa masa ɗigon mai a tafin hannu, a gefe ga yara suna tallar takunkumi, na asibiti mai ruwan bula da na atamfa da teloli suka ɗinka. Da an fito sai ya koma haɓa ko aljihu. Bankuna sun taƙaita yawan masu shiga, cunkoson ya dawo waje ƙarƙashin rumfa, masu POS a unguwanni suka samu kasuwa. Bokitan wanke hannu masu famfo da aka jera a ƙofar shaguna tun Afrilu suna nan, da yawa ba ruwa ba sabulu, domin a unguwanni da dama jarka-jarka ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa. A adaidaita sahu mutum uku ne a baya, wani lokaci da ɗaya a gefen direba. Rage fasinja yana nufin ninka kuɗin mota, kuma da direban da fasinjan babu mai iya ɗaukar wannan.

Masallatai sun kasance a buɗe. A wasu manyan masallatan Juma'a an ba da tazara, an gajarta huɗuba, an ce kowa ya zo da dardumarsa, amma a masallatan unguwa sahu ya koma yadda aka san shi, kafaɗa da kafaɗa, a idar a yi musabaha. Sarkin Musulmi da malamai da dama sun yi kira a kiyaye, suna bayanin cewa guje wa annoba yana da asali a shari'a. Sai dai ƙin miƙa hannu, ko ƙin zuwa dubiya da ta'aziyya, abu ne mai nauyi a inda ake auna mutum da zumuncinsa. Wanda bai je zaman makoki ba sai an riƙe shi a zuci. Ɗaurin aure da kamu da walima sun ci gaba, wanda ya rasa ɗakin taro ya kafa rumfa a ƙofar gida. Waɗanda suka ji jiki su ne masu ɗakunan biki da gidajen kallon ƙwallo, waɗanda gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufewa a Janairu, da masu hoto da masu girki da masu hayar kujeru da ke ci a ƙarƙashinsu.

Yara sun riga sun yi wata shida ko bakwai a gida tun Maris 2020, ɗaliban jami'o'in gwamnati kuma ba su daɗe da fita daga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na wata tara ba. Da aka buɗe makarantu a Janairu, sharuɗɗan sun ce a ba da tazara a kuma samar da ruwa da sabulu, abin da ba ya yiwuwa a firamaren da aji ɗaya ke ɗaukar yara fiye da ɗari, wasu a zaune a ƙasa. A Arewa wani tsoron ya ma danne na cuta. A 11 ga Disamba aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, a Fabrairu aka kwashe na Kagara a jihar Neja da 'yan mata 279 na Jangebe a Zamfara, jihohi da dama suka rufe makarantun kwana. Wasu daga cikin yaran da suka bar aji a wannan tsakani, musamman 'yan matan da aka aurar da samarin da suka kama sana'a, ba su sake komawa ba.

A asibiti ne aka ga cutar yadda take, kuma a can maganar ɗaya ce, iskar oksijin. Cikin kowane mutum ɗari da suka nuna alamun korona, kimanin 80 suna warkewa ba tare da kwanciya ba, kimanin 15 suna bukatar a ƙara musu iska, biyar kuma sai an kai su sashen kulawa ta musamman. Ƙwayar tana kumbura ƙananan jakunkunan huhu inda iska ke ratsawa zuwa jini, su cika da ruwa. A jikin mai lafiya, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna 95 zuwa sama. Idan ta sauka ƙasa da 90 an shiga haɗari. Yaudarar korona ita ce mutum yana iya sauka ƙasa da haka yana zaune yana hira, bai ji numfashinsa ya sarƙe ba, kuma hakan yakan faru a mako na biyu, lokacin da iyali suka ɗauka zazzaɓin ya wuce. Kafin a farga, a nemo mota, a zaga asibiti biyu ko uku ana cewa babu gado, sau da yawa an makara.

Wanda cutar ta kama sosai yana iya shan lita 10 zuwa 15 na oksijin a minti ɗaya, dare da rana, na kwanaki, don haka tukunya ba ta daɗewa. Gwamnan Legas Babajide Sanwo-Olu, wanda shi ma ya kamu a Disamba, ya bayyana a Janairu cewa bukatar asibitin killacewa na Yaba ta tashi daga tukunya 70 a rana zuwa 350. Ƙananan injinan da ke tace oksijin daga iskar ɗaki suna son wutar da ba ta yankewa, asibitoci kaɗan ne ke da ita. Iyalai suka shiga neman tukunya da kansu, masu hali suka saya suka ajiye a gida. A watan ne Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da naira biliyan 6.45 don kafa wuraren sarrafa oksijin 38 a faɗin ƙasar. Mataki ne mai kyau da ya zo a makare, domin ba a gina irin wannan cikin mako biyu, kuma ƙarancin ya girmi korona nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ƙananan yara masu ciwon nimoniya da mata masu haihuwa suna mutuwa a asibitocin ƙasar saboda rashin wannan iska, ba tare da an yi shela ba. Abin da ya ɗan sauƙaƙa wa likitoci a wannan karo shi ne ilimin da aka tara a watannin baya. An san amfanin kwantar da majinyaci rub da ciki, an san haɗarin daskarewar jini, kuma wani babban gwaji a Ingila ya nuna tun Yuni 2020 cewa deksametason, magani mai araha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, ko da yake ba ya amfanar wanda cutarsa ba ta yi tsanani ba.

Ma'aikatan lafiya sun yi wannan aiki a kan alawus ɗin haɗari na naira 5,000 a wata, kuma a ƙarshen Disamba ƙungiyar likitoci ta NMA ta ce an rasa likitoci 20 cikin mako ɗaya. Sunayen da suka fito a jaridu na manya ne. Manjo Janar John Irefin ya rasu ana tsakiyar taron manyan hafsoshin soja a Abuja, aka soke taron. Farfesa Femi Odekunle ya rasu a ƙarshen Disamba, tsohon shugaban Jami'ar Legas Farfesa Oyewusi Ibidapo-Obe kuma a farkon Janairu. Wannan ya ƙara wa masu cewa korona cutar masu kuɗi ce ƙwarin gwiwa, alhali manya su ne ake yi wa gwaji, su ne kuma ake sanar da abin da ya yi ajalinsu. A unguwa sanarwar ba ta wuce cewa Malam wane ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, za a yi jana'iza bayan sallar Azahar. A yi masa wanka, a sallace shi, a kai shi makwancinsa cikin 'yan sa'o'i, babu gwaji babu takardar likita.

Shi ya sa alƙaluman mace-macen hukuma, waɗanda suka tashi daga kimanin 1,170 a ƙarshen Nuwamba zuwa kimanin 1,900 a ƙarshen Fabrairu, ba su ƙunshi duk abin da ya faru ba. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, sai a Janairu jimillar gwaje-gwajen da aka yi ta haura miliyan ɗaya, kuma wasu jihohi kusan ba sa gwajin, musamman Kogi, inda Gwamna Yahaya Bello ya sha musanta girman cutar a fili. Mafi yawan mace-mace a Najeriya ba a yi musu rajista ko a lokacin lafiya. Binciken jini da NCDC da cibiyar binciken lafiya ta NIMR suka yi a Satumba da Oktoba 2020, kafin ma zagaye na biyu, ya gano alamar kamuwa a jikin kashi 23 cikin ɗari na waɗanda aka gwada a Legas da Enugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe. Wato miliyoyi ne suka kamu a lokacin da takarda ke nuna dubbai. A ɗaya ɓangaren kuma gaskiya ne cewa ƙasar ba ta ga irin kisan da aka gani a Italiya ko Brazil ba, kuma babban dalili shi ne shekarun jama'arta. Fiye da rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 20 ba, masu 65 zuwa sama kuwa kimanin kashi uku ne cikin ɗari. Nauyin ya faɗa kan wannan 'yar tsirarun dattawa da masu ciwon suga da hawan jini, kuma kowane ɗayansu ginshiƙin gida ne.

A ƙarshen Janairu shugaban ƙasa ya sa hannu kan dokar da ta wajabta takunkumi a wuraren taruwa, wanda ya karya a ci shi tara ko ɗaurin da zai iya kai wata shida. Kotunan tafi-da-gidanka suka zauna a Abuja da Kano, aka kama mutane a titi, har aka rufe kasuwar Wuse na ɗan lokaci a farkon Fabrairu. Tsanantawar ta zo ne lokacin da zagayen ya riga ya kai ƙololuwa, kuma ba ta daɗe ba. Daga tsakiyar Fabrairu alƙaluma suka fara sauka. Tafiye-tafiyen ƙarshen shekara sun ƙare, zafi ya fara shigowa an koma buɗe tagogi da kwana a tsakar gida, sannan waɗanda suka kamu suka warke sun yi yawan da ya rage wa ƙwayar hanya.

Allurar rigakafi ta iso bayan ruwa ya fara janyewa. A 2 ga Maris 2021 jirgi ya sauka a Abuja da kusan allura miliyan huɗu ta AstraZeneca ƙarƙashin shirin COVAX na raba rigakafi ga ƙasashe. An fara da ma'aikatan lafiya a Babban Asibitin Ƙasa a 5 ga watan, washegari aka yi wa shugaban ƙasa da mataimakinsa Yemi Osinbajo a gaban kyamara. A Arewa allurar ta tarar da tsohon tabo, na gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996, da ƙaurace wa rigakafin shan inna da aka yi a 2003, ga kuma jita-jitar da ke yawo a WhatsApp cewa tana hana haihuwa. Sarakuna da limaman da suka taimaka aka kawar da shan inna su aka sake komawa wajensu. A Afrilu adadin masu kamuwa ya sauko ƙasa da ɗari a ranaku da dama, aka yi azumin wannan shekarar da tafsiri da tarawihi a masallatai, saɓanin na shekarar da ta gabata. Zagaye na uku, wanda nau'in Delta ya kawo, ya fara a Yuli 2021, lokacin da waɗanda suka samu allurar ko da sau ɗaya ba su kai kashi biyu cikin ɗari na 'yan ƙasar ba.